Me ya sa ƙungiyoyin sa-kai ke watsewa bayan wata uku, kuma me mai aikin ke samu?

Ummu Hafsa

Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni ga waɗanda suka san harkar aikin sa-kai. Ba na tsaro nake nufi ba, ina nufin irin wanda mutum kan ba da lokacinsa da ƙarfinsa kyauta, kamar koyar da yara, kwashe shara, dashen itatuwa ko taimakon marasa lafiya. Abin da aka saba gani shi ne ranar farko a taru mutum talatin ko arba'in, a buɗe zauren WhatsApp, a zaɓi shugaba da ma'aji, a buga riguna, a sha hotuna. Kafin wata uku sai a tarar saura mutum huɗu, su ma kowa na ƙorafin an bar masa aiki. Shin laifin mutanen ne ko na tsarin? Na biyu, ya dace a riƙa ba su ɗan wani abu, ko kuɗi ɓata aikin yake yi? Na uku, idan matashi marar aikin yi ya ce "to ni me zan samu?", wace amsa za a ba shi bayan "Allah zai ba ka lada"? Ladan muna fata, amma ina son bayani dalla-dalla.

Malam Buba

Wa alaikumus salam, Ummu Hafsa. Kusan kullum daga tsarin ne. Waɗanda suka zo ranar farko da niyyarsu suka zo, abin da ba su tarar ba shi ne aiki mai farko da ƙarshe. An ce musu "mu taimaki al'umma", alhali ba wanda zai iya tashi da safe ya yi "taimakon al'umma" ya koma gida ya san ya gama na yau.

Kafin a gayyaci ko mutum ɗaya, a rubuta aikin a takarda, rabin shafi ya isa. Me za a yi, a ina, wace rana, daga ƙarfe nawa zuwa nawa, wa zai tarbi mutum idan ya iso, wa zai kira idan abu ya ɓaci, kuma yaushe alƙawarin zai ƙare. Misali: karatu da yara shida 'yan aji uku, ranar Asabar, ƙarfe 9 zuwa 11, na mako 12. Wannan ranar ƙarewar ita aka fi mantawa, ita ce kuwa ke riƙe mutane. Wanda ya san mako 12 ne zai daure ya kai ƙarshe, sau da yawa ma ya ce a sake sa shi. Wanda aka ɗaure shi har illa masha Allahu kuwa, ranar da ya yi fashi sau biyu kunya za ta hana shi dawowa. Sai ya yi tsit a zaure, daga baya ya fice da tsakar dare.

Sai lissafin mutane. Mai sana'a ko ɗalibi ba ya iya ɗorewa da fiye da awa biyu zuwa huɗu a mako, duk abin da ya faɗa ranar da jini ke tafasa. Idan aikin na buƙatar mutum biyu kowace Asabar, kuma ana so kowa ya fito sau ɗaya a mako huɗu, mutum takwas ke nan. A ƙara uku saboda rashin lafiya, tafiya da jarrabawa, ya zama 11. A fitar da jadawalin wata guda tun da wuri, kowa ya ga sunansa da ranarsa, a kuma sa doka ɗaya: wanda ba zai samu zuwa ba, shi zai nemi wanda za su yi musanye, ba shugaba ba. In aka bar wa shugaba wannan, kafin a je ko'ina ya koma mai kiran waya, ya gaji, ya fara faɗa da mutane.

Kuskuren da ya fi wannan kashe ƙungiya shi ne a tara mutane fiye da aikin. A kira mutum arba'in aikin yashe kwata, a zo da shebur shida da baro ɗaya. Shida na aiki, 34 na tsaye suna danna waya. Duk wanda ya bar harkarsa ya zo ya tsaya kallo, ba zai sake zuwa ba, kuma da gaskiyarsa. Kayan aiki ake fara ƙirgawa, sannan a kira mutane daidai da su. A raba su rukuni na biyar zuwa takwas, kowane da jagora ɗaya da yankin da zai gama. A kuma san inda za a kai abin da aka yaso kafin a fara, don in aka tara shi a bakin kwata, ruwan farko zai mayar da shi inda ya fito, an yi ba a yi ba.

Mutum huɗun nan da kika ce su ke saura, su ne suka fi buƙatar a sa musu ido. Su ne masu cewa "bari kawai in yi da kaina", har su haɗa rajista, kuɗi, saye-saye da makulli a hannunsu. Ranar da ɗayansu ya yi aure ko ya samu aiki a wani gari, ƙungiya ta bi shi. Kowane muƙami ya samu mataimaki mai koyo, a kuma riƙa sauyi duk wata shida ko shekara.

Abu biyu kuma ba a wasa da su. Kuɗi: mutum biyu su sa hannu kafin a fitar, kowane saye da rasit, a karanta shiga da fita a gaban kowa duk wata, ko da abin bai taka kara ya karya ba. Zargi ya fi sata saurin rusa ƙungiya. Yara: kada babba ɗaya ya kaɗaita da yaro a ɗaki, a samu manya biyu ko a bar ƙofa a buɗe inda ake gani, kuma ba a ɗaukar hoton yaro ko mabuƙaci a watsa ba da yardar iyaye ko tasa ba.

Hajiya Talatu

Malam Buba ya gama magana kan tsari. Ni zan taɓa ɓangaren lafiya, don nan ne ake ganin amfanin ɗan sa-kai ƙuru-ƙuru, nan ne kuma ake ganin ɓarnarsa idan ba a horar da shi ba.

Ɗauki shan inna. A 1988 da aka ƙaddamar da yaƙin kawar da cutar a duniya, ana ƙiyasin tana shanye yara kusan 350,000 a shekara a ƙasashe 125. Yau an rage ta da sama da kashi 99 cikin ɗari, kuma ranar 25 ga Agusta 2020 aka tabbatar nahiyar Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar ta daji. Me ya sa aka iya? Saboda rigakafin ɗigo biyu ne a baki, ba allura ba, don haka wanda ba likita ba ma zai iya bayarwa bayan ɗan gajeren horo. An yanka aikin ƙanana yadda talaka zai iya ɗauka: wannan ya ɗiga, wannan ya shafa wa yaro alama a ɗan yatsa, wannan ya rubuta a bangon gida. Likitoci kaɗai ba za su taɓa zaga gidajen nan ba.

Haka awon tamowa. Tef ne mai launi uku da ake naɗawa a tsakiyar damtsen yaro ɗan wata 6 zuwa 59, tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, hannun a sake. Ƙasa da santimita 11.5 ja ne, tamowa mai tsanani, a tura asibiti a ranar. Daga 11.5 zuwa ƙasa da 12.5 ruwan ɗorawa ne, yana buƙatar kulawa. Sai a danna bayan ƙafafun yaron biyu da babban yatsa na daƙiƙa uku. Idan ramin ya tsaya a duka biyun, shi ma na gaggawa ne ko da tef ya nuna kore. Inda ake kuskure: a matse tef har ya shiga tsoka, ko a bar shi sako-sako, ko a auna kusa da gwiwa. Milimita biyu na iya mayar da ja ya koma ruwan ɗorawa, yaro ya rasa magani. Shi ya sa ba a sallamar mai koyo sai ya auna yara da yawa a gaban wanda ya iya, awonsu ya zo ɗaya. Kuma aikinsa ya tsaya a ganowa da turawa. Ranar da ɗan sa-kai ya fara rubuta magani saboda an fara ce masa "likita", a dakatar da shi.

Ga wanda ba shi da lokaci, gudummawar jini ita ce sa-kai mafi gajarta. Babba na da jini kusan lita biyar, ana ɗibar mililita 450, ɗibar kanta kamar minti goma. Ana so mutum ya kai kilo 50, a kuma auna ƙarfin jininsa kafin a ɗiba. Ruwan jinin kan dawo cikin kwana ɗaya zuwa biyu, jajayen ƙwayoyin sai bayan makonni, shi ya sa ake ba da tazarar wata uku ga maza, huɗu ga mata a wurare da dama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fi amincewa da jinin masu bayarwa don kansu ba don kuɗi ba, kuma dalilin a fili yake. Ana gwada kowace leda don ƙanjamau, ciwon hanta nau'in B da C, da tunjere, amma akwai kwanakin farkon kamuwa da gwaji ba ya gani. A wannan tsakanin ba abin da ke kare mai karɓa sai gaskiyar da mai bayarwa ya faɗa a tambayoyin da ake masa. Wanda ya zo don kuɗi kuwa yana da dalilin ɓoyewa.

Kuskuren ƙungiyoyi a nan shi ne gangami na rana ɗaya ba tare da an tambayi bankin jini abin da zai iya ajiyewa ba. Jajayen ƙwayoyi ba sa wuce kwana 35 zuwa 42 a firji mai sanyin digiri 2 zuwa 6. A cika firji yau, bayan wata biyu babu komai. Ya fi amfani a ajiye rajistar masu bayarwa da rukunin jininsu da ranar da suka bayar ta ƙarshe, a riƙa kiransu bi da bi. Rajistar kuma ta zauna hannun mutum ɗaya ko biyu, ba a zuba ta a zaure ba.

Ɗan'asabe

Kan maganar kuɗi, a bambance abu biyu da ake cakuɗawa. Akwai mayar wa mutum abin da ya kashe: kuɗin mota, katin waya, safar hannu, ruwan sha. Wannan wajibi ne, kuma a biya a ranar, kada a ce sai ƙarshen wata. In ba a yi haka ba, masu hali ne kaɗai za su iya sa-kai, matashin da Ummu Hafsa ke magana a kai ya fita daga lissafi tun ba a fara ba. Akwai kuma alawus, wato ɗan abin da ake miƙawa a ce "ga na goro". Wannan shi ne mai hatsari.

Wasu masana tattalin arziki biyu, Uri Gneezy da Aldo Rustichini, sun buga wani gwaji a 2000. 'Yan sakandare ne a Isra'ila masu bin gida-gida suna tara gudummawar agaji. Aka raba su uku: rukunin farko ba a yi musu alƙawarin komai ba, na biyu aka ce za a ba su kwatankwacin kashi 1 cikin ɗari na abin da suka tara, na uku kashi 10. Waɗanda ba a biya ba su suka fi tarawa, 'yan kashi 1 su ne na ƙarshe. Da zarar kuɗi ya shigo, mutum ya daina tambayar "aikin nan na da amfani?" ya koma "abin nan ya kai wahalata?" Ɗan ƙaramin alawus kuwa ba ya taɓa kaiwa.

Ƙari a kan haka, alawus na da wuyar janyewa. Wata ƙungiya mai kuɗi ta zo ta biya na wata shida ta tafi, duk wanda ya zo bayanta da aikin kyauta sai an tambaye shi "nawa ne?" Sannan yana jawo masu zuwa sa hannu a takardar halarta su ɓace, da shugabannin da ke cusa sunayen ƙannensu. In za a kashe kuɗi a kan 'yan sa-kai, a kashe a horo mai takardar shaida, kayan aiki masu kyau da kayan kariya.

Hajiya Talatu

Ɗan'asabe, hanzari ba gudu ba. Maganarka daidai ce ga mai awa uku a mako. Amma akwai matan da ake sa wa sunan 'yan sa-kai suna zaga gidaje kwana biyar a mako, suna cike fom, suna raka masu naƙuda asibiti da dare, shekara da shekaru. Wannan aiki ne cikakke aka ƙi biya. Ita kanta Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2018 kan ma'aikatan lafiya na cikin al'umma, cewa ta yi a biya su daidai da nauyin aikin, awanninsa da horon da suka samu. Ma'aunin mai sauƙi ne: idan aikin ya hana mutum neman abincinsa, ko kuma in ya yi fashi asibiti ko makaranta za ta tsaya, to gurbin ma'aikaci ne, a nemi albashinsa. Kada a fake da lada a ci gumin talaka.

Abban Sadiq

Tambaya ta uku ba a taɓa ta sosai ba. Matashin da ya ce me zai samu bai yi rashin kunya ba, a ba shi amsa ta gaskiya: ya danganta da aikin da ya zaɓa, da kuma ko ya ajiye shaida.

Ɗaukar kujeru ranar taro ba ya koya wa kowa komai. A nemi aikin da ke da fasaha a ciki: riƙe littafin kuɗi, shigar da bayanai a kwamfuta, rubuta rahoto, koyarwa, jagorantar rukuni, taimakon gaggawa. Na ƙarshen nan ƙungiyoyin agaji na Red Cross da Red Crescent suna koyar da shi kusan ko'ina a duniya, kuma asalin tafiyar tasu ma sa-kai ne. A 1859 Henry Dunant, ɗan kasuwa daga Suwizalan, ya tarar da dubban sojoji yashe da raunuka bayan yaƙin Solferino a arewacin Italiya, ya tattara matan garin da ke kusa suka yi jinyarsu ba tare da duba ɓangare ba. Wanda ya koyi ceton wanda zuciyarsa ta tsaya, wato danna ƙirji sau 30 da hura numfashi sau 2, saurin 100 zuwa 120 a minti, zurfin santimita 5 zuwa 6 ga babba, ya samu abin da zai bi shi har gidansa. Sai dai hannu na mantawa cikin watanni, dole a riƙa maimaita atisaye.

Shaida kuma tun ranar farko ake tara ta. Ɗan littafi: kwanan wata, awa nawa, me aka yi, sa hannun jagora. Idan wa'adi ya cika ya nemi wasiƙa mai ɗauke da lambobi. "Ya koyar da yara 18 karatu na mako 24, ya riƙe rajistar halarta" ta fi "yaro ne mai hazaƙa da ladabi" nauyi a gaban mai ɗaukar aiki nesa ba kusa ba.

Sai mutane. Masanin zamantakewa Mark Granovetter ya nuna tun 1973 a Amurka cewa labarin aiki ya fi zuwa ta hannun sanin shanu fiye da aminai, domin amininka abin da ka sani shi ya sani. Wurin sa-kai na haɗa matashi da nas, malami, injiniya da ɗan kasuwa, waɗanda za su ga yadda yake cika alƙawari kafin ya taɓa roƙonsu komai. Amma kada a yi masa alƙawarin za a ɗauke shi aiki. Wanda ya shigo da wannan zaton, in wata shida ya wuce shiru, da gaba zai fita.

Ga dattawa da waɗanda suka yi ritaya, bincike da dama sun sami masu sa-kai da ƙarancin kaɗaici da damuwa. A riƙa faɗin wannan da taka-tsantsan, domin mai lafiya da ƙarfi shi ya fi iya fitowa tun farko. Mai intanet kuma da ba ya iya fita, shirin 'yan sa-kai na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda aka kafa a 1970, yana da ayyukan da ake yi daga gida kamar fassara da tsara zane.

Ummu Hafsa

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Malam Buba, a taimaka da misali ɗaya a aikace. A ce matasa 15 ne, sun samu kyautar dashe 200, suna so su shuka gaba ɗaya ranar 5 ga Disamba tunda ita ce ranar 'yan sa-kai ta duniya. Ta ina za su fara?

Malam Buba

Su fara da fasa wannan ranar, in dai ba lokacin ruwa ba ne a inda suke. Itace ba ya duba kalanda, farkon damina ake dasa shi don saiwa ta kama kafin rani. Ranar 5 ga Disamba su yi taronsu su raba takardun shaida.

Sannan su yi lissafin ruwa kafin na rami. A ce kowane dashe na shan lita 10 sau biyu a mako da rani, gwargwadon ƙasa da irin itacen. Dashe 200 ya zama lita 4,000 a mako, wato jarka 200 mai lita 20. Raba wa mutum 15, kowa jarka 13 da ɗoriya duk mako, har rani biyu. Ba za su yi ba. Su ɗauki 45 zuwa 60, kowa uku ko huɗu da sunansa a kai, kusa da inda yake kwana ko inda akwai famfo. Sauran su raba wa gidaje da makarantun da suka yarda za su shayar, a rubuta wa ya karɓi nawa.

Ramin ya ninka faɗin ledar dashen sau biyu, zurfinsa daidai tsayinta. A yanke ledar a cire ta gaba ɗaya ba tare da an fasa ƙasar da ke jikin saiwa ba. Masu sauri kan binne da leda, saiwar ta nannaɗe a ciki, itacen ya tsumbure. Kada a binne wuyan dashen ya wuce inda ƙasar leda ta tsaya, ruɓewa yake yi. A danne ƙasa da ƙafa a hankali, a yi masa ɗan gurbi kewaye don ruwa ya tsaya, a rufa busasshiyar ciyawa amma kada ta taɓa jikinsa, a shayar nan take. Kariya daga dabbobi a kafa ta a ranar, don akuya ɗaya na iya gama aikin mutum 15 kafin la'asar.

A rahotonsu kuma kada su rubuta nawa suka dasa. Su zaga su ƙirga masu rai bayan wata 3, wata 6 da wata 12, su maye gurbin waɗanda suka mutu a damina mai zuwa daga cikin ɗan ragowar da za su ajiye a inuwa, kamar guda goma.